Tafinta

Wata shida aka ba ta a Kano,
ofis a sabuwar jami'a, da fanka mai tarin tsufa,
da kuɗin bincike kan waɗanda ba su da aikin yi.
Ni aka ɗauka na zama bakinta da kunnenta,
don Dakta Morenike ta Ibadan
Hausarta ba ta wuce "sannu" da "nawa ne" ba.

Muka fara da bencin Gwammaja,
inda inuwar kantin Ɗanliti ke juyawa,
samari na bin ta da benci
kamar hannun agogo.

Tambaya ta ɗaya: mece ce sana'arka?
Munzali ya ce, "Buga-buga."
Na duba takarda, gurbi huɗu ne,
babu na buga-buga.
Babu gurbin wanda ya yi dako ran Litinin,
ya ja Adaidaitar wani ran Laraba,
ran Juma'a ya goge shaddarsa ɗaya
don kada unguwa ta gane.

Kowa ya sa hannu, a ba shi dubu biyu.
Kwamitin ɗa'a ya ce kada a ƙara,
wai kuɗi da yawa na sayen amsa.
Munzali ya ɗaga su a rana, ya ce,
"Ashe zaman kashe wando ma yana da farashi."

Sai Tasi'u.
Digirinsa na kimiyya na kwance a leda ƙarƙashin katifa,
ubansa ya yi shekara ashirin a masaƙar Sharaɗa
har ranar da aka sa kwaɗo a ƙofa.
Bai kalle ni ba. Ita ya kalla.
"Tambaye ta, in duk muka samu aiki gobe,
ita me za ta ci?"

Na juya na ce mata,
yana yi miki fatan alheri.
Ta yi murmushi, ta rubuta.

Daren nan tuwo bai wuce mini ba.
Albashina na farko cikin shekara huɗu,
ga shi na fara biyansa da harshena.
Na juya dama, na juya hagu,
har ladanin masallacin layinmu ya gyara murya.

Da safe, a Kabuga, cikin cunkoso,
na faɗa mata yadda aka faɗa.
Ta daɗe tana kallon mai sayar da gurasa.
Ta ce a koma.

A gaban benci ta kashe rikoda,
ta ce, "Gaya masa bai yi ƙarya ba.
Gaya masa kuma ni ma watan Yuni ne iyakata,
bayan nan takardun neman aiki, kamar nasa,
sai dai nawa sun fi kauri."
Wannan karon ban rage ko wasali ba.
Tasi'u bai ce komai ba.
Ya dai matsa, ya bar mata gefen da ƙusa ba ta fito ba.
Bai sa hannu ba kuma, har ta tafi.

Ɗari biyu da goma sha ɗaya muka ƙirga.
Sun zama jadawali, sun zama kashi cikin ɗari,
an tafa mata a zauren taro, an raba lemo.
Sunana na shafin godiya,
an manta ƙugiyar harafin farko.

Jirginta ya tashi ran Asabar.
A jakata na tsinci takarda ɗaya da ba a cike ba.
Na rubuta lamba a sama: ɗari biyu da sha biyu.
Tambaya ta ɗaya.
Biro ya tsaya.

Da na isa Gwammaja rana ta take tsaka.
Munzali ya ce, "A matsa wa Farfesa."
Tasi'u ya ce, "Zama tukuna?
Kama can, inuwa ta gudu."
Na kama ƙafar benci.